Kwalin Cikin Shuɗin Durom

Tun ranar da hukumar tsabtace gari ta sauke durom uku a ƙofar benen nan, Sufeto bai sake samun sukuni ba. Shi ba sufeton komai ba ne, mai kula da gida ne kawai, shi ne shara, shi ne buɗe get, shi ne tayar da injin ruwa. 'Yan haya ne suka laƙa masa sunan, saboda yadda yake tare mutum a bakin matakala ya ce, "Tsaya in ga ledar nan." Da farko sunan yana ƙona masa rai, daga baya ya ga ba yadda zai yi, ya shiga amsawa.

Dokar ba ta da wuyar faɗi. Shuɗin durom na takarda da kwali ne, kore na roba da gwangwani da kwalba, baƙi kuma na duk abin da ba ya sake moruwa. Amma je ka gaya wa gida mai hawa huɗu da ƙofa goma sha shida! Mutanen da suka gama jami'a, masu gyara wa 'yan jarida magana a gaban talabijin, sai ka ga sun kasa bambance shuɗi da kore. Ga baƙin durom ɗin ɗan tsurut, sau ɗaya ake kwashe shi a mako. Dole kullum da safe Sufeto ya sa safar hannu ya kwance kowace baƙar leda, ya tsince gora da gwangwani don a samu wuri. Ta haka ya san cikin gidan fiye da mai gidan. Ya san mai shan maganin hawan jini a ɓoye, ya san matar da ke ƙona girki tana zubarwa kafin miji ya dawo. Shuɗin ne kaɗai bai cika damunsa ba, leƙawa yake yi ya rufe, tunda takarda ba ta wari.

To daga shuɗin nan masifa ta ɓullo. Wata Talata jami'ar hukuma da ke bin motar shara ta ciro wani kwalin sabulu daga can ƙasa, ta auna shi a hannu, ta ji ya fi ƙarfin kwali. Da ta buɗe sai ga kunzugun manya, irin wanda ake saya a kemis, an yi amfani da shi an naɗe tsaf.

"Baba, abu ɗaya irin wannan yana lalata takardar mota guda," in ji ta, ta manna jar takarda a jikin durom ɗin. "In suka kai uku za mu kwashe duromanmu, wata uku motar ba za ta tsaya a ƙofarku ba."

Bayan mako biyu aka manna ta biyu. Ranar wakilin mai gida ya zo, bai ko fito daga mota ba, gilashi kawai ya sauke.

"Sufeto, ka ga wannan? In ta ukun ta zo, ka nemi inda za ka kai katifarka."

Katifar kuwa tana ɗakin ƙarƙashin matakala, inda shi da matarsa suka shekara goma sha biyu. Ɗaki ne da in ka miƙe a ɓangaren gado sai kanka ya bugi siminti, duk mai hawa da mai sauka kuma a kansu yake takawa. Amma ɗakin da aikin a haɗe suke, in ɗaya ya tafi ɗayan ya bi shi. 'Yarsu ɗaya ce, tana zaune a ciki da falo da miji da 'ya'ya biyar. Sufeto ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga inda tsoho da tsohuwa za su raɓa ba.

"Mutuniyar," ya ce wa matarsa da rana, yana wanke hannu har gwiwa, "in na kama mai wannan aika-aika, sai na tara masa jama'a."

"Ka dai bi a hankali, Malam," ta ce, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Ba a san abin da ya sa mutum ba."

"Abin da ya sa shi? Ga baƙin durom a gabansa ƙiri-ƙiri!"

Daga ranar ya shiga juye shuɗin durom gaba ɗaya kowace safiya, yana bin kwalaye ɗaya bayan ɗaya. A rana ta huɗu ya same shi. Kwalin ganyen shayi ne, an sa bakinsa cikin juna, an ɗaure da tsumma. Ya riga ya buɗe baki zai yi ashar sai idonsa ya tsaya a kan tsumman. Ruwan ƙwai ne mai ɗigon kore. Shi da kansa ya sayo yadin, shi ya buga ƙusoshin da aka rataye shi a tagarsu, har bara da matarsa ta ce ɓera ya ci labulen ta cire.

Ya kifa bokiti ya zauna a kai. Mutumin da ya san cikin ƙofa goma sha shida, ashe ɗaki ɗaya ne ya shige masa duhu. Yanzu abubuwa suka riƙa zuwa masa a jere. Ta bar gado ta koma tabarma, wai katifa tana sa mata ciwon baya. Ta daina shan shayin yamma, ita da a da in ba ta sha ba sai ciwon kai. Ta daina zuwa ko'ina sai gidan 'yarsu, ta dawo da jaka a matse a hammata. Ga turaren da take cika ɗaki da shi, har yana tsokanarta wai amarci ne ya dawo. Kuma ya gane dalilin shuɗin durom. Ta san baƙin yana hannunsa, ta san ba ledar da ba ya kwancewa, shi ya sa ta nemi inda ba ya dubawa. Duk gidan nan ba wanda take ɓoye wa sai shi.

Ya ɗauki kwalin ya cusa can ƙasan baƙin durom. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ita tana fakar idonsa lokacin da ya hau saman bene duba tanki, ta ajiye, shi kuma ya sauko ya canza masa wuri. Shekara talatin da huɗu suna tare, sun binne iyaye, sun yi yunwa, sun yi ƙoshi, amma wannan maganar bai san ta inda zai kama ta ba. Sau ɗaya ya gwada, yana kallon bango.

"Mutuniyar, baƙin durom ɗin nan fa yanzu akwai wuri. Kuma na daina kwance ledoji, hannuna ya gaji."

"Ni ina ruwana da duromanka?" ta ce da sauri. Ranar ko loma ba ta kai baki ba, da safe kuma ya tarar da kwalin a shuɗin, an ƙara tura shi ƙasa. Bai sake gwadawa ba.

Da haka suka yi kwana goma sha ɗaya. Ran na sha biyu injin ruwa ya ƙi tashi, masu tafiya aiki suka yi masa ca a kai, ya ruga layin baya kiran mai gyara. Motar hukuma kuwa, wadda ba ta taɓa zuwa kafin tara ba, ranar ta ga dama ta zo bakwai da rabi. Yana shawo kwana ya hango jami'ar tsaye da kwali a hannu, wakili a gefenta, wanda aka kira saboda ruwa, ga 'yan haya cirko-cirko da bokitai.

"Baba, ba na son in manna wannan," in ji jami'ar, jar takardar tana tsakanin yatsunta. "Na san kana ƙoƙari. In aka nuna min mai abin, shi zan rubuta wa gargaɗi shi kaɗai, gida ya tsira."

"Ka ji," in ji wakili. "Kai da ka san sharar kowa. Na wane ne?"

Sufeto ya ɗan waiga. Tagar ɗakinsu tana bayansa, taku uku, a buɗe.

"Ai abin a fili yake," in ji matar mai kemis ta hawa na biyu, wadda ba a rasa ta a gaban kowace magana. "Gidan nan mutum nawa ne suka kai shekarun wannan abin? Ni dai ba na kama suna."

Ba ta kama suna ba, amma duk idanu suka juya kan Baba Direba, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune shi kaɗai a hawa na ɗaya. Yana tsaye da sanda a hannu ɗaya, ɗan bokitinsa a ɗayan.

"Ni?" tsohon ya ce. "Ni kuke kallo? Wallahi ban san..."

"Ba abin kunya ba ne, Baba," in ji wakili, da irin muryar da ke ƙara wa mutum kunya. "Dama ina so in kira ɗanka. Mutum in ya kai haka bai kamata ya zauna shi kaɗai ba."

Da Sufeto ya yi shiru, da shi ke nan. Za a rubuta wa tsoho gargaɗi, motar ta wuce, katifa ta kwana a inda take. Ya san haka sarai, kuma sai da ya yi shirun na ɗan lokaci, abin da bai ji daɗin gani a kansa ba. Sai ya ga bokitin yana kaɗawa a hannun Baba Direba.

"Ku ƙyale bawan Allah," ya ce. "Nawa ne."

"Naka kamar yaya?" in ji wakili.

"Nawa. Ni nake sawa. Fitsari ne ba na iya riƙewa, ya fi shekara. Kunya ta sa nake ɓoyewa a nan."

Matar mai kemis ta kalli wandonsa, ta yi maza ta kawar da kai. Jami'ar ta mayar da jar takarda cikin jaka, ta rubuta gargaɗinta, ta ce a hankali, "Allah ya ba da lafiya, Baba. A baƙin za ka riƙa sawa, kuma ka je asibiti, ana magani." Motar ta kwashe shara ta tafi, 'yan haya suka watse kowa yana kallon ƙasa. Sufeto ya sauke numfashi, ya ɗauka ya haye.

Wakili ya ja shi gefe, daidai bakin tagar.

"Na tausaya maka, Sufeto. Amma ka duba, kai ne mai taɓa tankin ruwan sha, kai ne mai hawa da sauka sau ashirin a yini. Mutanen nan da ka gani, kafin azahar sun kira mai gida. Da ma a ce na wani naka ne, da sai in ce lalurar iyali ce, a wuce wurin. Amma kai da kanka? Ka nemi wuri kafin ƙarshen wata."

Ya tsaya yana jira, ko Sufeto zai ce wani abu. Sufeto ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Da ya shiga ɗaki ya tarar da ita tsaye ta yafa mayafi, tana laluben takalmi da ƙafa. Fuskarta jiƙe take, amma muryarta ba ta rawa.

"Tun yaushe ka sani, Malam?"

"An kwana biyu."

"Kuma ka bar ni ina ta..." Ta haɗiye sauran. "Matsa min. Wakili bai tayar da mota ba, zan gaya masa nawa ne. Ka ji abin da ya ce, in na iyali ne ba komai."

"Ki gaya masa, shi ya gaya wa ta hawa na biyu, ita ta gaya wa unguwa. Ke da ko ni ba ki iya gaya wa ba."

"To ina za mu? Ka faɗa min, ina za mu je?"

"Ban sani ba, mutuniyar."

A waje aka ji motar wakili ta tashi. Ta yunƙuro za ta raɓa ta gefensa, Sufeto ya mayar da ƙofa ya jingina bayansa da ita. Ta sa hannu biyu tana ture shi, tana cewa ya matsa, ya matsa don Allah, shi kuwa bai motsa ba har ƙarar motar ta ɓace a ƙarshen layi.