Cokalin Gwaggo Sun-deok

Shekara ashirin ina dafa wa Gwaggo Sun-deok shinkafar matattu, ban taɓa ganinta ba. Ƙanwar babanmu ce. Ya bar ta a Arewa lokacin yaƙin da ya raba ƙasarmu biyu, ya ce mata kwana uku zai yi ya dawo. Aka rufe iyaka, ba labarinta, har muka ɗauka ta rasu. Wanda ba a san ranar mutuwarsa ba, ranar tara ga watan tara ake masa shinkafar, shi ya sa duk shekara nake cika kwano, Baba ya cake cokali a tsaye tsakiyar shinkafar, ya durƙusa.

Sai ga takarda ta iso mana garinmu Sokcho, nan Kudu: an duba, tana raye, sunan Baba ya fito cikin waɗanda za a kai su gana da 'yan uwansu na can. Na zaci murna zai yi. Ina! Zama ya yi a ƙasa yana dafe kai.

"Gyeong-ja, shekara ashirin ina binne yarinyar nan da hannuna. Sai na roƙe ta gafara."

"Yarinya? Baba, tsohuwa ce tukuf, ta kai tamanin."

"Rufe min baki, ɗauko akwati."

Muka cika shi da rigunan sanyi, maganin ciwon gwiwa da busasshen kifi. Saura kwana shida, mutanen can suka sake gwada bam ɗinsu na nukiliya a ƙarƙashin dutse. Jakadun ɓangarorin biyu suka tashi daga teburi, kowa na cewa ɗayan ne ya fara. Aka ce an ɗage ganawar. Ni dai na gaji da kalmar nan, wallahi na gaji. Su suna da lokacin ɗagewa, Baba shekararsa tamanin da bakwai.

Akwatin ya zauna bakin ƙofa har kifin ya fara wari, na fitar.

Da tara ga watan tara ta zagayo, na tsaya da ludayi na rasa yadda zan yi. Ya ce in zuba. Na zuba. Ya ɗauki cokalin, ya kwantar da shi gefen kwano yadda ake wa mai rai.

"Ko bayan raina, kar ki cake mata sai an rubuto miki ta rasu. Kin ji?"

Na ce na ji. Bara muka binne shi. Yanzu kwano biyu nake zubawa, na Baba cokali a tsaye, na Gwaggo a kwance, kuma har yau ba wanda ya rubuto.