Ajiyar Mista Ludwik

"Ina jitar mahaifina?"

Haka ta fara, ko gaisuwa babu. Tana tsaye a bakin ƙofata da waya a hannu. Danuta ce, 'yar maƙwabcina Mista Ludwik. Cikin shekara shida da muka yi a wannan layin na Erdington, sau biyu na taɓa ganin ta, alhali daga Manchester zuwa nan bai kai awa biyu a jirgin ƙasa ba.

Na ce, "Tana wurina."

"Ai na sani. Nas ta gaya mini ke kaɗai ke da makullin gidan."

Mijina Gamaliel ya fito daga kicin yana share hannu, ya ce mini da Hausa, "Maman Praise, ban gaya miki ba? Na ce tsohon ya rubuta miki a takarda cewa ajiya ya ba ki, kika ce kunya kike ji. To ga kunyar nan. In ta kira police, aikinki na care ya ƙare."

Gaskiya ya faɗa. Kula da tsofaffi a gidajensu ita ce sana'ata, kuma zargin sata guda ɗaya ya isa a daina ba mutum makullin kowa. Wanda zai wanke ni, Mista Ludwik, yana kwance a bayan bango, tun ranar Talata bakinsa ya daina magana.

Mista Ludwik mutumin Poland ne. Na fara jin jitarsa ta bango, lokacin da nake zama da littafin ajin manya ina haɗa baƙi. Ba irin ta cocinmu ba ce. Ba a waƙa a kanta, ba a tafi. Daga baya na fara kai masa miya, ya gane ni ba mai katse magana ba ce, sai ya riƙa ba ni labari. Yana ɗan shekara tara ya fara kaɗa jita. Ya zo Ingila da akwati ɗaya da wannan jitar, ya yi wasa a manyan zauruka a Manchester, shi kaɗai a kan kujera, ɗaruruwan mutane sun yi tsit. Da yatsunsa suka fara sanƙarewa ya koma koyarwa, daga nan sai kiɗa a gidan abinci, inda ya ce cokula sun fi shi ƙara. Game da 'yarsa, abu ɗaya ya taɓa gaya mini: ta ajiye jita tana shekara goma sha huɗu, ba ta sake taɓawa ba.

Makonni uku da suka wuce aka kawo masa gadon asibiti gida, aka ce hita mai ɗumama ɗaki ta kasance a kunne dare da rana. Ranar ya ce mini, "Scholastica, ɗauke jitar nan. Wannan zafin zai busar da katakon ya tsage." Ya nuna mini ɗan soso a cikin roba mai huji-huji, wanda ake ratayawa ta bakin jitar. A jiƙa shi duk kwana biyu, a matse sosai.

Na kai Danuta ƙaramin ɗakinmu. Hita a kashe, labule a sauke, akwatin jitar a bayan wadrob, na rufa masa zanena. Sai da na kalli wurin da idonta na ga yadda yake.

"Ɓoye ta kika yi."

"Shi ya ce nesa da rana, nesa da hita."

"Shi ya ce." Ta yi wata gajeriyar dariya. "Wa ya ji?"

 Ni ma ina da nawa tambayoyin a ciki. Jiya da yamma ta iso, yau da safe jita ta fara nema. Ban ji ta tambayi wanda ke juya shi a gado ba.

Gamaliel ya ce, "Ki miƙa mata kawai ta tafi, don Allah."

Na ce, "In na miƙa haka, na zama ɓarauniyar da aka kama ke nan." Na juya wurinta. "Mu je gabansa."

Ɗakinsa ya yi zafi kamar gidan burodi. Ya rame ƙwarai, amma idonsa biyu. Danuta ta ɗora akwatin a gefen gadon ta buɗe, ta sunkuya ta yi masa magana da yarensu tana nuna ni. Bai kalle ta ba, bai kalle ni ba. Jitar yake kallo.  Idan ya yi shiru haka, ni na san abin da za ta fahimta.

A hankali hannunsa na dama ya taso daga bargo. Ya wuce tsirkiyoyin bai kaɗa ko ɗaya ba, ya lalubo robar, ya jawo ta waje. Ya daɗe kafin ya iya zaro soson. Ya matsa shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa, sai ɗigon ruwa biyu suka sauka a kan zanen gado.

Nan ya juyo gare ni. Ya haɗa gira, ya yi tsaki sau biyu, ya ɗaga yatsa ɗaya yana girgiza shi a fuskata.

Na ce, "Yi haƙuri, Baba. Sauri nake yi da safe."

Ya ƙara tsaki, ya miƙo mini soson. Ni ya miƙa wa, ga 'yarsa kuwa ta fi kusa da hannunsa. Na matse shi a cikin kofi har sai da ya lumshe ido, sannan na mayar.

Danuta ta zauna a bakin gadon. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Haka yake yi mini. Da wannan yatsan." Ta saka wayar a jaka. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Ta rufe akwatin ta ce, "Mayar da ita wurinki. Nan ya yi zafi."

Ranar Asabar da hantsi ya rasu, tana wanke masa fuska.

Bayan jana'iza ta zo karɓar jitar. Har yanzu ban san ko sayarwa za ta yi ba. Gamaliel ya ce ko shakka babu, wai ya ga irin takalmin da take sawa. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Soson nan, duk kwana nawa ake jiƙa shi?"

"Biyu. Ki matse sosai."

Na tsaya a taga ina kallon ta. An fara yayyafi, bas bai zo ba. Ta jingina akwatin da jikinta, ta cire kwat ɗinta ta rufa masa, ta tsaya da 'yar riga, ruwa na sauka a gashinta.