Bencin Firinta

Markus ya ce wa matarsa kasuwa za shi, amma ita ma ta san unguwar Rikoto ya nufa. Ranar ce ake gwada 'yarsu Monica a cibiyar kwamfuta ta Alhaji Jabiru da ke can. In ta haɗa kwamfutoci talatin suka yi aiki kafin la'asar, aikin ya zama nata. In ba haka ba, akwai wani daga Birnin Kebbi yana jira.

Ya same ta gaban babbar kwamfutar da suke kira saba, ta tuɓe takalmi tana cizon biro.

"Baba, me ya kawo ka?"

"Wucewa nake yi. Yaya aikin?"

Ta yi masa bayani a gurguje. Kowace kwamfuta sai da lambar adireshi take iya magana da sauran. A da, ɗaya bayan ɗaya ake bi ana rubuta musu. Yanzu ta saita sabar ta riƙa rabawa da kanta, daga biyu zuwa ɗari. Duk sun samu. Firinta ce kawai ta yi gum tun da aka kunna kwamfutar bakin taga.

Alhaji Jabiru ya leƙo. "Malama, jiya dai lahiya lau na bar firintar ga." Ya dubi agogo ya fita.

Markus ya matso kusa da ita. Rabin bayanin ya wuce shi, amma shiru ya gagare shi.

"Ita firintar, wa ke ba ta nata?"

"Ba kowa. Nata a rubuce yake a cikinta tun tuni, lamba goma."

"To, shi mai rabon ya sani?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Shekara sha ɗaya ina zaunar da mutane a coci," in ji shi. "Mama Rifkatu ba a nuna mata wuri, bencin gaba nata ne. Ran da ban je ba, aka zaunar da baƙuwa a nan. Tsaye Mama Rifkatu ta yi har aka gama waƙa."

Monica ta buɗe jerin lambobin. Kwamfutar bakin taga ce riƙe da goma. Ta tuntsire da dariya.

"Kai, Baba! Ga baƙuwar taka nan."

Ta cire goma daga cikin lambobin rabo, ta kashe ta bakin taga ta sake kunnawa. Firinta ta yi ƙara ta fara zubo takardun gwajin da aka yi ta aika mata tun safe.

Alhaji Jabiru ya dawo ya tsinci ɗaya a ƙasa, ya juya ta gaba da baya.

"Litinin, ƙarfe takwas," ya ce mata.

Sai a lokacin Markus ya jawo kujera ya zauna. Ya ce a ba shi takarda ɗaya, zai kai wa uwarta ta gani.