Layin da Mas Darmaji Bai Rufe Ba

Ranar da labarin ya iske Sumarni, wadda ake kira Marni, tana bayan shago ne tana naɗe bangon littattafai. An kira la'asar, mijinta Darmaji ya tashi daga gaban kwamfuta ya zura takalmi ya fita. Haka yake tun da ta san shi. In ladan ya ɗaga murya, ko ciniki yake yi a tsakiya zai bar shi. Shayinsa ma rabi ya sha. Ba a jima ba sai ga matar ladan a bakin ƙofa tana haki, ta ambace su da Mbak da Mas, wato Yaya a yarensu, ta ce, "Mbak Marni, taso. Mas Darmaji ya faɗi a sahu." Kafin su isa masallaci an riga an rufa masa zane.

Wanda ya kashe kwamfutar a ranar, har yau ba ta sani ba.

Shagon nasu ɗan ƙarami ne, a bayan kasuwa a wani gari da ake kira Kudus, can tsibiran gabas mai nisa. Suna buga katin gayyata, amma abin da ke ci da su shi ne littafin Yasin da ake rabawa ranar sadakar arba'in, da hoton mamaci a shafin farko. Darmaji ba ya amfani da abin da kowa ke amfani da shi. Tsohuwar kwamfuta ce, ya sa mata nasa tsarin, sai ka ga baƙin allo kawai da ɗan ɗigo yana ƙiftawa yana jiran a rubuta masa umarni. Sumarni karatunta bai wuce firamare ba, don haka ya yi mata gajerun kalmomi. In ta rubuta wanke, na'urar bugawa ta wanke kanta. In ta rubuta yasin, sai a tambaye ta suna da hoto, shafuka su jeru yadda in an naɗe za su zo daidai. In ta rubuta kwana, kwamfuta ta mutu. Iyakar saninta ke nan, kuma ya ishe ta shekara da shekaru.

Da arba'in ta matso, 'yan'uwan mijin suka ce a kai aikin babbar maɗaba'a a huta. Ta ce a'a. Mutumin da ya buga wa mamatan unguwa kaf, nasa ba zai fito daga na'urar wani ba. Ta buɗe shago, ta share ƙura, ta kunna.

Baƙin allon ya fito, amma da wani layin Turanci a sama da ba ta taɓa gani ba, da wata lamba a cikinsa. Ta rubuta yasin. Aka ba ta amsa gajera, na'urar bugawa ko motsi. Ta sake, a hankali, harafi harafi. Haka dai. Ta gwada wanke, sai ga na'ura ta kama gurnani kamar kullum. Nan kanta ya ɗaure. In ta lalace, me ya sa ta san wanke? In lafiyarta ƙalau, me ya sa ta manta yasin? Ta kashe ta kunna. Ta zare waya ta hure ta mayar. Har a ranta ta yi tunanin ko abin ya san mai shi ba ya nan, ta kuma yi istigfari.

Ta leƙa shagon maƙwabcinta Koh Aliong mai gyaran waya. Ya shigo da tabarau a goshi yana mita, wai sau nawa ya gaya wa marigayi ya yi amfani da abin mutane, ya ƙi, ga shi ya bar wa mace aljani a shago. Ya karanta Turancin, ya ce akwai wani fayil da allon ke karantawa duk lokacin da aka buɗe shi, a nan kalmominta suke, kuma lambar nan ta layin da ke da matsala ce. Ya buɗe fayil ɗin ya gangara. Lambar ta kai shi can ƙarshe. Ya ɗauki hoton layin ƙarshe da wayarsa, ya goge shi, ya sake buɗe allon.

Turancin ya dawo, lambar ta ragu da ɗaya.

Ya ɗauki hoton na samansa, ya goge shi. Lambar ta sake raguwa da ɗaya.

"Koh, guduwa lambar take yi?"

"Ni ma abin da nake kallo ke nan, Uwargida."

Ya ce hanya mafi sauƙi a share komai a sa sabo, gobe war haka tana aiki. Ta tambaya ko kalmominta za su dawo. Ya ce ba za su dawo ba, sai ta koyi na kowa. Ta ce to ya mayar da layuka biyun da ya cire. Ya mayar yana duba hoto, ya tafi yana cewa taurin kan ashe na gidan ne duka.

Da rana ta kira Lastri ta bidiyo, ƙanwar mijin, wadda ke aikin kwamfuta can a garin Batam. Lastri ta ce ta juya wayar ta haska mata allon.

"Mbak, hancinki nake gani. Juya ta baya."

Da ta ji abin da Koh Aliong ya yi, ta ce Allah ya taimake su da ya tsaya a biyu, da ya cinye fayil ɗin daga ƙasa har sama. Ta sa Sumarni ta fara yin kwafi ta ajiye, tana faɗa mata harafi ɗaya ɗaya. Sannan ta yi bayani, Sumarni ta ji rabi ta rasa rabi. Abin da ta kama shi ne, lambar ba wurin ɓarnar take nunawa ba, wurin da na'urar ta gaji da nema ne. An buɗe wani abu a sama ba a rufe ba, ita kuwa tana ta gangarawa tana neman murfin har takarda ta ƙare. Duk abin da ke ƙasan wurin ta haɗiye shi ba ta koya ba.

"To a ina aka buɗe?"

Lastri ta ce ita ma ba ta sani ba, yayanta rubutunsa kamar ɗakinsa yake. Ta ce ta gwada kalmomin ɗaya bayan ɗaya, su ga inda suka daina amsawa. Wanke ta amsa. Tawada ta amsa. Gayyata shiru, yasin shiru. Suka koma fayil ɗin, tsakanin tawada da gayyata. Wayar na ta karkacewa a hannun Sumarni, Lastri na cewa ta jingina wayar da wani abu kafin jiri ya ɗebe ta.

A nan suka gan shi. Layi ɗaya, shi kaɗai: marni, sai baka biyu, sai wata alama mai lanƙwasa kamar gashin baki. Ƙasansa fili.

Lastri ta karanta layin. Da ta yi magana muryarta ta canza. Ta ce sabuwar kalma yayanta ya fara yi, ya buɗe, ya adana, bai sa komai a ciki ba.

"La'asar aka kira," in ji Sumarni.

Ta tambaya me kalmar za ta yi in an gama ta. Lastri ta ce babu yadda za a sani. Sumarni ta ce to a rufe masa mana. Lastri ta ce na'urar ba ta karɓar rufaffen abu da ba komai a ciki, sai an sa masa aiki, wane aiki za su sa? Sumarni ta shiga tunani. Ko rage girman hoto ne da kullum yake ba ta wahala? Ko tsokana ce irin tasa, ta rubuta sunanta allo ya ce mata ta kawo shayi? Ta juya abin ta kowane gefe bai zauna ba.

"Mbak, goge shi kawai. Layi ɗaya ne, komai zai dawo."

"Ba zan goge ba."

"Jibi fa ake sadakar."

"Na sani, ƙanwata. Nemo wata hanya."

Lastri ta ja numfashi. Ta ce akwai alamar shinge a saman lamba uku a maɓallan rubutu, ta sa ta a farkon layin. Duk layin da aka yi wa shinge, na'ura tsallake shi take yi, yana nan amma ba ta karanta shi. Sumarni ta nemo alamar, ta sa, layin ya dusashe kaɗan. Ta adana, ta rufe allon, ta buɗe. Babu Turanci. Ta rubuta yasin, aka tambaye ta suna.

Ta rubuta sunansa da na mahaifinsa. Hoton da ta zaɓa na ranar idi ne, hula a karkace. Na'ura ta ja takarda, fuskarsa ta fito a hankali daga goshi zuwa haɓa. Ita ta naɗe su duka da hannunta. Ranar sadaka aka zauna a tabarma aka karanta, kowa ya tafi da littafinsa da kwalin shinkafarsa. Koh Aliong ba Musulmi ba ne, ba ya karatun Yasin, amma ya karɓi ɗaya, ya juya shi gaba da baya ya ce shafukan sun zo daidai.

Lastri ta sha cewa in ta zo hutu za ta sa wa kalmar wani aiki mai amfani. Sumarni takan ce to, sai ta kawo wata hira.

Har yanzu tana buɗe shagon. Kowace safiya in baƙin allon ya fito, kafin wanke, kafin komai, sai ta rubuta marni ta danna. Na'urar ta ba ta gajeriyar amsar nan, wadda Lastri ta ce ma'anarta ba ta san wannan umarnin ba. Sumarni ta ɗan dube ta, sannan ta jawo takarda ta fara aiki.