Hamon a Gwadaben Sarki

Hamon ya fito daga cocin ba takalmi, ba hula, da rigar buhu a jiki da gicciyen itace a hannu. Haka doka ta ce. Wanda ya yi kisa ya ruga coci ba mai taɓa shi, amma zaman ba ya ɗorewa. Sai ya rantse gaban jami'in sarki cewa ya bar Ingila har abada, a nuna masa tashar jirgin ruwa, ya kama gwadaben sarki. Muddin ƙafarsa na kan gwadabe, jininsa ya haramta. In ya kauce, kowa na iya sare masa kai kamar na kyarkeci, ba mai tambaya.

Shi kuwa ina ruwansa da rikicin sarauta? Ɗan baka ne kawai. Ubangidansa ya ce wannan ne sarki, ya ja baka dominsa. Aka ci su da yaƙi, aka fille kan ubangidan, manyan da suka rage suka sauya tuta tun jini bai bushe ba. Talaka aka bari da gudu. A gudun ne ya kashe wani soja da ya tare masa gada. Ga shi yanzu wan mamacin, Lambert, yana biye da shi ta gefen hanya, gatari a kafaɗa.

"Malam ɗan baka, duwatsun nan ba su dame ka ba? Sauko kan ciyawa mana, ta fi laushi."

Hankalin Hamon na can gaba, don gwadaben Dover, tashar jirgin da aka nuna masa, ta gefen ƙauyensu ya ratsa, kuma da tsohon ciki ya bar matarsa Sibil.

Da hantsi ya hango rufin gidansa. Tsakaninsa da ƙofar ba komai sai ramin ruwan gefen hanya da 'yar gonar kabeji. Ya tsaya a bakin ramin ya ƙwala kira har muryarsa ta dushe.

Surukarsa Ismay ce ta fito da gudu, jariri a ƙirji. Ta tsallako ramin ta buɗe masa fuskar.

"Mace ce. Ka gani ko? To wuce, ɗan nan, wuce."

"Inna, ina Sibil?"

"Tana barci."

Lambert ya yi dariya, ya zauna kan wani kututture. "Haba tsohuwa, ki ji tsoron Allah. Duk garin nan an san fadan coci ya zo ya shafa mata man da ake shafa wa mai shirin mutuwa. Zazzaɓin haihuwa ne, malam. In ka yi sauri ka same ta da ɗuminta."

Hamon, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, ya durƙusa a tsakiyar hanya yana kuka kamar yaro.

"Lambert, don girman Allah. In shiga in gan ta in fito. Ka bi ni da gatarinka in ka so."

"Ni na hana ka? Gidanka ne."

Ismay ta damƙe rigar buhun. "Rantsar da ni Sibil ta yi kada in bar ka ka sauka. Ta ce in ka kai Faransa da rai, yarinyar nan tana da uba ko da ba za ta gan shi ba. Kana ji na? Kada ka mayar da ita marainiya gaba da baya."

Ya ji. Ya miƙe, ya sumbaci goshin jaririyar, ya ɗaga gicciyen, zuciyarsa kamar ta tsage. Har ya juya, sai ya ji ƙarar ƙofa.

Sibil ce, cikin rigar barci, tana dafa bango. Ta san mijinta sarai. Ta san ba tsohuwar da za ta iya riƙe shi, shi ya sa ta taso da kanta ta zo masa har bakin hanya.

"Tsaya nan!" Muryarta da ƙyar take fita. "Kada ka motsa, ga ni nan zuwa."

Ta saki bangon ta shiga gonar tana tangaɗi. Ismay na ihu ta koma, Hamon na ihu ta koma, ita kuwa tana ta tahowa, idonta a kansa. A tsakiyar gonar ƙafafunta suka gaza, ta kife cikin laka. Ta yi yunƙurin tashi ta kasa.

Maƙwabta sun fito, amma wa zai taɓa matar wanda ya yaƙi sabon sarki? Suka tsaya a bakin ƙofofinsu. Lambert ya miƙe a hankali yana kakkaɓe wando.

Hamon ya ajiye gicciyen a ƙasa ya tsallake ramin.

Ya ɗago ta, ya share mata lakar fuska da hannun riga. Jikinta zafi rau.

"Wawa," ta ce, tana kuka. "Ai na kusa ƙarasowa."

"Na gani."

Yana jin takun takalmin Lambert a bayansa, kabeji na karyewa. Bai waiwaya ba. Ya juya fuskarta ya kifa a ƙirjinsa, ya sa tafin hannu ya toshe mata kunne.