Tsohon Batirin Malam Ashafa

Shekara goma sha ɗaya Malam Ashafa yana jan tasi a Manchester da mota guda, irin mai haɗa fetur da lantarki ɗin nan. Ba ta taɓa ba shi kunya ba sai bana. Jar fitila ta kama a gaban sitiyari, fanka ta dinga huci a baya kamar mai asma, in an zo hawa kuma sai nishi. Aka duba aka ce babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya ne ya mutu. Ga shi ranar Litinin da safe council, wato hukumar gari, za su duba motar. In ba ta wuce ba su karɓe lambar tasinsa, ya zauna a gida a Levenshulme yana kallon bango.

'Yarsa Hanan ta samo masa gareji nan kan Stockport Road. Ya ce ba zai kai ba.

"Baba, five minutes ne fa daga gida."

"Mai garejin, na san ubansa? In ya cuce ni ƙofar wa zan je? Ga Ɗantani makanike can a Birmingham, ɗan Gusau, ni na raka kawunsa neman aure."

Ranar Juma'a da sassafe ya lallaɓa motar a kan babbar hanyar M6, manyan motoci suna ta danna masa ham, har ya isa unguwar Small Heath a Birmingham. Ɗantani, magidanci mai furfura a gemu, ya goge hannu ya durƙusa ya gaishe shi.

To, Malam Ashafa yana da doka biyu tun yana jan mota tsakanin Gusau da Kano. Ta farko, ba a taɓa motarsa sai yana zaune yana gani. Ta biyu, duk abin da aka cire, ko ƙusa ce, a saka masa a but ya tafi da abinsa. Haka ake yi a gida, da haka mutum yake sanin an canja ko an yi masa wanki ne kawai. Ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna.

"Haba Baba, a cikin wannan sanyin?" in ji Ɗantani. "Kuma batirin nan ba irin na gida ba ne, wutarsa tana kisa. Ko ni sai na sa safar roba. Maman yara tun jiya ta ji za ka zo, tuwon shinkafa ta yi da miyar taushe. Ka ci, ka wuce masallaci, kafin ka dawo na gama."

Ya za ka ce wa mutum ba za ka ci tuwon matarsa ba don kana tsoron ya cuce ka? Malam Ashafa ya tashi ba don ransa ya so ba.

Wajen ƙarfe uku ya dawo. An wanke mota fes. Aka tayar, ba jar fitila, ba huci. Wani likita, Dakta Abdulsalami, da ke jiran a gama masa birki, har cewa ya yi ta koma sabuwa. Malam Ashafa ya wuce su. Ya zagaya ya buɗe but. Wayam.

"Ina tsohon?"

"Wane, Baba?"

"Batirin da ka ce ka cire."

"Ai an tafi da shi tun sha biyu. Exchange ne. Masu kayan suna kawo nasu, su ɗauki naka a motarsu. In ba ka ba su tsohon ba, ba su ba ka wannan, kuma babu waranti."

"Da izinin wa? Shekara goma sha ɗaya yana bayana, ni na saye shi da motar, a ɗauke shi ban ko gan shi ba? Ka tura ni cin tuwo, ka rufe kujera, ka wanke mota, ka ce in yarda?"

Ɗantani ya ciro waya. "Ga bidiyo na ɗauka, Baba, tun daga kwancewa."

"Rufe min wannan abin! Na san motar wa ka ɗauka? Yau har mataccen mutum ana sa shi magana a waya. Ni ƙarfe nake so in taɓa da hannuna." Ya juya wajen likitan. "Dakta, kai shaida ne. A garinmu makaniken da ya ɓoye tsohon kaya sunansa ɗaya."

Dakta Abdulsalami ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Ɗantani ya kashe bidiyon. Sannan ya ajiye wayar a kan teburin aiki a hankali.

"Baba, wata biyu nake da layi. Na ture mutum uku saboda kai. Na je har Ladywood da kaina na roƙi mai batirin ya kawo yau. Shekara ashirin ina wannan aikin, Bature bai ce min ɓarawo ba, Bapakistane bai ce min ba, sai kai, a gaban baƙo."

"Ban kira suna ba."

"Ba sai ka kira ba."

Ya buɗe ƙofar baya, ya sa sifana, ya fara kwance kujerar.

"Me kake yi?"

"Cire nasu zan yi. In buga musu waya su dawo maka da naka, in mayar maka yadda ka kawo shi, ka taɓa shi da hannu biyu. Sai dai ba sa fita Asabar da Lahadi. Litinin da yamma zai iso."

Litinin da yamma. Su kuwa council ƙarfe tara na safe suka ba shi.

Kujera ta fita. Ga akwatin ƙarfe nan a kwance, fari tas, da sabuwar takarda manne a jikinsa, ba ƙura ko ɗis. Ko makaho ya shafa ya san ba wannan ne ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin fasinjojin Manchester ba. Ɗantani ya zura safar roba har gwiwar hannu, ya ɗora sifana a kan noti na farko.

Malam Ashafa ya tsaya cak. Wace irin ƙasa ce wannan da mutum ba shi da iko da tsohon ƙarfensa? Kuma a ce shi, da ya ga wannan mutumin yana rarrafe, shi zai buɗe baki ya ba shi haƙuri? Noti na farko ya faɗa cikin gwangwani. Na biyu ya bi shi.

Ya yi gyaran murya.

"Ɗantani."

Sifana ta ci gaba da juyawa.

"Ɗantani, ya jikin Hajiya mahaifiyarka? Ƙafar ta yi sauƙi?"

Sifana ta tsaya. Sun riga sun yi wannan gaisuwar da safe, kowa ya sani.

"Da sauƙi," in ji Ɗantani, bai ɗago ba.

"Madalla. Yaran fa, suna zuwa Islamiyya?"

"Suna zuwa."

"Ita maman yara Allah ya yi mata albarka. Rabona da taushe irin wannan tun ina gida."

"Amin."

Dakta Abdulsalami ya yi tari ya fita waje, wai zai amsa waya. Ɗantani ya dubi notin da ke cikin gwangwani, ya dubi tsohon. Ya ja dogon numfashi, ya tsince noti biyun ɗaya bayan ɗaya ya mayar, ya ɗaure tam, ya ɗora kujera.

Malam Ashafa ya shiga ya zauna, ya danna maɓalli. Mota ta tashi shiru. Har ya fara ja da baya sai ya taka birki, ya sauke gilashi.

"Amma ka gaya wa mai motar kayan nan, ni ban ba shi batirina ba. Ɗauka ya yi."

"Zan gaya masa, Baba."

"Ka gaya masa da Turanci yadda zai ji!"