Mitar da Ba Ta Hawa Babur

"Mayar da wannan ƙaton akwatin, Ɗahiru, miƙo min ta hannu," in ji Malam Muntaka, ko zama bai yi ba.

Ɗahiru, mai shagon kayan lantarki a kasuwar Tarauni, ya yi dariya amma bai mayar ba. Ya ɗora babbar mitar awon wuta a kan kanta, ya goge ta da hannun riga, ya saci kallon Huraira. Ita ta yi masa waya tun jiya ta ce ya fito da ita.

Huraira, 'yar Malam Muntaka, nas ce, daga asibiti ta biyo, hijabi kawai ta zura a kan fararen kayanta. Sunan mahaifiyar Malam Muntaka ta ci, shi ya sa yake kiran ta Uwata. Kuma wallahi tun da likita ya ce hawan jinin ido ya kama babanta, ta riƙe muƙamin nan da gaske.

A gyaran lantarki Malam Muntaka ya yi furfura. Da rediyo ya fara a Gyaɗi-Gyaɗi, ya koma talabijin, yanzu inbata da sola. Yana da shago, amma zaman shago bai taɓa yi masa daɗi ba. Kira ake yi, yau Darmanawa, gobe Hotoro, ya jefa mita a aljihu ya buga babur. Mitar nan ita ke gaya masa ko waya na ɗauke da wuta kafin ya kai hannu. Ran Talata tsohuwar mitarsa ta faɗo daga saman wani bene ta tarwatse. Shi dai cewa ya yi mita ce ta faɗo. Mai gidan kuwa ya gaya wa Huraira cewa ƙafar mai mitar ce ta kuskure tsani, da ƙyar aka taro shi.

"Malam, ta tebur ta fi awo daidai," in ji Ɗahiru. "Ga lambobi manya masu haske. Sai dai ita a jone take aiki."

"To ka ji! In an ɗauke wuta fa? In zauna ina kallonta tana kallona?"

"Haba Baba," in ji Huraira, "mai gyaran inbata ne zai rasa wuta a shagonsa?"

"In kuma aka kira ni Hotoro, goya ta zan yi?"

"Sai su kawo maka. Mu ma ai kawo mana marasa lafiya ake yi."

Nan ya gane inda aka dosa. Ashe ba mita aka zo saya masa ba, kujera aka zo ba shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har da Ɗahirun da aka haɗa baki da shi, wanda a gabansa ya koyi riƙe dalma.

"Uwata, idona ƙalau yake. Ɗahiru, ta hannu na ce."

Ɗahiru ya zaro sabuwa fil daga kwali ya miƙa da hannu biyu. Malam Muntaka ba ya karɓar mita sai ya gwada ta da batirinsa na kansa, wanda kullum yake aljihunsa. A cewarsa batirin mai shago bakinsu ɗaya da mai shago. Ya murɗa makunnin, yana bin ƙas-ƙas ɗinsa da kunne. Ya ɗora jar waya a kan batirin, baƙa a gindi, ya dubi gilashin.

Hazo ya gani, kamar kullum. Ya daɗe a haka, ba wanda ya sani. Yakan karkata gilashi wajen haske, ya tsinci abin da ya iya tsinta, sauran ya cike da sanin aiki. Yau ya karkata, ya matso da ita, bai tsinci komai ba. To amma ai ya san batirinsa.

"Ɗaya da rabi cif," ya faɗa da ƙarfi. "Lafiyarta lau. Saka min a leda."

Ɗahiru ya shiga gyara wasu kwalaye da ba su buƙatar gyara. Huraira ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabinta.

Hannunsa ne ya gaya masa. Mitar ba ta da nauyin da ya kamata. Ya juya ta, ya zame murfin baya da babban yatsa, ya laluba. Wayam. Ɗahiru ba ya barin batir a cikin sabuwar mita don kada ya zubar da ruwa, kuma shi Malam Muntaka ne ya koya masa hakan. Ko kunnuwa ba ta yi ba, ya karanta mata lamba.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a saman tsanin nan. Gobe ake jiran sa a Babban Giji, gidan Hajiya Saude, inbatarta na ba jikokinta shokin. Da haka zai je ya dubi hazo ya ce babu wuta, ya kai hannu. Ko kuma ya ce an gyara, yara su taɓa.

Ya mayar da murfin a hankali, ya ajiye ta, ya jawo benci ya zauna.

"Jona waccan mu gani."

Ɗahiru ya jona. Lambobi koraye suka tashi, manya-manya kamar na agogon masallaci. Malam Muntaka ya ɗora wayoyin a kan batirinsa. Rabon da ya ga lamba tsaf haka har ya manta.

"Ɗaya da ɗigo biyu," ya karanta. Ya jujjuya batirin a tafinsa, ya yi 'yar dariya. "Ashe shi ma ya tsufa, yana ta cika baki."

Huraira ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta. Ta juya tana kallon titi.

Da aka naɗe mitar a kwali, Ɗahiru ya leƙa waje inda babur yake jingine. "Malam, wannan fa ba ta son jijjiga. Ba ta hawa babur."

"Na sani."

Ya laluba aljihu ya fito da makullin, ya ɗan riƙe shi, sannan ya ajiye a kan kanta kusa da batirin.

"Shigar da babur ɗin ciki. In ka ji mai so, ka yi min magana. Uwata, tare mana Adaidaita."

Suna hanya, ya rungume kwalin a cinya da hannu biyu, wayarsa ta yi ƙara. Huraira ta zaro ta daga aljihunsa, ta duba, ta kara masa a kunne.

"Hajiya, ina wuni," in ji shi. "A'a, ba zan samu zuwa ba. A kashe ta tukuna, kada yara su matsa kusa. Gobe ki sa a kawo min ita shago, ina nan."